Ƙofar Kaza

Shekaran jiya jikana Habu, wanda yake aikin ginin siminti, ya dube ni a gaban abokansa ya ce, "Kaka, ku ai ba gini kuka yi ba, wasan laka kuka yi." Suka kwashe da dariya. Ban ji haushi ba, jika ne, tsokana aikinsa ce. Kuma mutumin da ake kawo masa bulo a mota, siminti a buhu, ruwa a famfo, dole ya ɗauka gini abu ne mai sauƙi. To ku matso kusa, ku da kuka yi dariya, in ba ku labarin wasan lakar.

A hannun Baba Tanko na koyi gini, a nan Magariya. Gajeren mutum ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai da dalili. Da ubana ya kai ni wurinsa, bai tambayi sunana ba, ƙafata ya duba. Ya ce, "Tana da faɗi, za ta yi." Na daɗe ban taɓa bango ba, aikina cuɗa ƙasa kawai. Kun san garinmu rairayi ne, ƙasar gini sai an bi jakuna an ɗebo daga bakin fadama. A zube ta, a zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, mu shiga da ƙafa mu yi ta takawa har cinya ta yi tsami. Sannan a rufe ta a bar ta ta ruɓe. A bakin magina, sai an ce ƙasa ta nuna kafin a taɓa ta. Ba a gane haka da ido. Babban magini ne zai tuɓe takalmi ya taka, ya ɗebo ya shinshina, in ya ce ta nuna, ta nuna, in ya ce da saura, ko mai gida zai yi kuka sai ya jira.

Tubali kuma da hannu ake dunƙula shi, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango kamar mai hawan jaki, na ƙasa yana jefo masa ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa yana dasawa. Ranar da na fara jifa na sami Baba Tanko a haɓa. Sai ya sauko, ya sa ni na hau, ya jefo mini guda a ƙirji, ya ce, "Yanzu ka san nauyinsa." Kayan aikinmu ba su da yawa: sangwami na haƙa, fartanya, tulu, tsani, gatarin tsaga giginya a fitar da azara ta rufi, sai makuba, wato jiƙon bawon ɗorawa da muke shafe bango da shi don ruwa ya zame. Sauran duka tafin hannu ne. Har yau in na wuce wani tsohon zaure ina gane shafar hannuna a jikinsa.

Akwai abin da Baba Tanko ya koya mini wanda ya fi duk waɗannan. Magini in ya hau katanga, gida biyu yake gani. Shi ya sa kafin ka taka tsani sai ka ɗaga murya ka ce, "Magini zai hau!" don mata su kimtsa. In ka sauko kuma, abin da idonka ya gani a can ka baro shi. Kowace shekara kafin damina muna zagaya gidaje muna yaɓe, mun san gidan da tukunya ke cika da gidan da ba ta cika, amma ba a taɓa ji a bakinmu ba.

A unguwarmu ta da, gidaje a manne suke, katanga ɗaya ce tsakanin maƙwabci da maƙwabci. A jikin yawancin katangun nan akwai ɗan rami da muke bari, wanda kwano zai iya wucewa. Sunansa ƙofar kaza. Ku lura, a daidai ƙugun mutum ake yin sa, babu kazar da za ta iya hawa can sai in tana da tsani. Mata ne ke miƙa wa juna garwashi da gishiri da labari ta nan. Amma ba mai ce maka, "Bar mini ramin miƙa tuwo." Ƙofar kaza ake cewa, kowa ya gane, ba wanda ya ji kunya.

Katangar da na fi tunawa ita ce ta tsakanin Malam Ilu, ɗan kasuwar gyaɗa, da Gwaggo Abu. Gwaggo Abu a zamaninta ita ce mai man gyaɗa da ƙuliƙuli ta unguwa, ta ciyar da mutane da yawa, ni ma na ci nata ina yaro. Mijinta ya rasu, 'ya'ya ba su tsaya mata ba, ido kuma ya tafi sai ɗan haske. Amma girman kai yana nan daram. Kullum da safe sai ta hura wuta ta ɗora tukunya, hayaƙi ya tashi, mai wucewa ya ce Gwaggo tana girki. Ni da nake yaɓe katangar na ga abin da ke ciki. Guntun azarar da ke bakin ƙofar kazar ya yi sumul, yana ƙyalli da maiƙon miya, saboda yawan kwanon da Hajara matar Malam Ilu take turawa safe da yamma. Na yaɓe kewayensa, na sauko, ban ce wa kowa komai ba.

Lokacin da gyaɗa ta yi daraja, manyan motoci suka fara shigowa gari suna kwasa suna yin kudu da ita. Ni a lokacin na zama magidanci, ina da tsanina da masu jefo mini tubali. Wata rana da rani muka wayi gari muka ga wani Bature mai awo da mutanensa suna kafa turaku suna jan igiya. Igiyar ta ratsa ta tsakiyar unguwarmu, ta bi ta gindin tsamiyar da muke zama, ta shiga ta zauren wannan ta fita ta bayan gidan wancan. Aka ce Kumandan, Bafaranshen da ke mulkin gari, yana son hanya miƙaƙƙiya daga kasuwa zuwa wurin awon gyaɗa, da sabbin rumfuna, da babbar mangaza ta ajiya. Aka kira magidanta zuwa bariki.

Muka zauna a ƙasa a rana, Kumandan ya yi magana, tafinta ya juyo ya ce, "Ya ce kada kowa ya damu. Duk wanda aka rushe wa gida, za a ba shi kare."

Liman ya gyara zama, ya kira tafinta yadda ake kiran ma'aikatan Faransawa, ya ce, "Mushe, maimaita. A rushe mana gida, a ba mu me?"

"Kare."

Wani tsoho a bayana ya ce, "La'ilaha illallahu! Ko akuya ce ai da sauƙi."

Tafinta sai da ya riƙe ciki don dariya kafin ya iya bayani, cewa a bakin Faransawa kare fili ne mai kusurwa huɗu, a can tudu gabas da gari. Kun ga inda kalmar ta shigo mana, har yau kuna cewa wane ya sayi kare ba ku san yadda ta ɗaga wa kakanninku hankali ba. Amma dariyar ba ta daɗe ba, don ya ci gaba da cewa ƙuri'a za a yi, kowa ya sa hannu a hula ya zaro, inda ya faɗa nan ne gidansa. Kuma magidanci mai biyan lanfo, wato harajin kai, shi kaɗai zai sa hannu a hular.

Washegari na bi ta ƙofar Gwaggo Abu na gaishe ta. Ta gane muryata ta ce, "Ɗan Jimma, an ce kowa za a ba shi kare. Ni me za a ba ni?"

Na ce, "Gwaggo, ana dai magana."

Ta ce, "Kada ka ɓoye mini, ni ba na biyan lanfo. Cewa za a yi in tafi garin Bande wurin ɗan ƙanena, wanda rabonsa da ƙofar nan tun ana ɗaukarsa a baya. Ni dai tun da nake ban taɓa roƙon kowa komai ba. Ba kuwa zan fara da furfura ba."

Gaskiya ta faɗa, bakinta bai taɓa roƙo ba, katanga ce ke yi mata.

Bayan la'asar aka taru a zauren Malam Ilu. Shi yana da dangi a Daura, ya sha zuwa Kano, ya ce ya ga wuraren da aka yanka hanya mutane suka tsaya suka nemi wani abu a madadi, kuma suka samu. Wasu suka ce a rufa wa kai asiri, don ba a daɗe da daina aikin tilas ba, tsoron bariki bai bar jikin mutane ba. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka yarda a nemi rijiya a tudun, tunda babu ruwa can, a kuma roƙa a karkata hanya a bar tsamiya. Sai Malam Ilu ya yi gyaran murya, yana kallon tabarma, ya ce, "Ni da za a ji tawa, a ce a bar maganar hula, kowa ya koma da maƙwabcinsa. Kuma a daina zancen lanfo, duk gidan da hayaƙi ke tashi a ba shi wuri." Ba wanda ya tambaye shi dalili. Ba wanda ya ambaci sunan kowa. Amma na ga mutum uku ko huɗu sun sunkuyar da kai, a nan na gane ba Gwaggo Abu kaɗai katanga ke ciyarwa a unguwar nan ba.

Muka koma bariki, ni da Baba Tanko da Liman da Malam Ilu. Maganar rijiya Kumandan ya ce za a duba. Tsamiya ya ce igiya ba ta lanƙwasa. Da aka zo kan maƙwabta ya ɗaga gira, tafinta ya ce, "Yana tambaya, don me? Ƙuri'a ai ita ce adalci, ba wanda zai ce an fifita wani."

To ga tambaya, ga amsa a bakin kowa, amma ba mai iya furtawa. Ka faɗa a bariki cewa wance ba ta da abin ci, kafin magariba ya zagaya kasuwa. Sai Baba Tanko ya ce, "Ranka ya daɗe, saboda kaji ne. Kajinmu sun saba da hanya."

Tafinta ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya maganar. Kumandan ya yi dariya har da buga tebur, ya ce a gaya mana kaji za su koyi sabuwar hanya. Aka sallame mu.

A hanyar gida Baba Tanko ya ratse da mu wurin da aka tara ƙasar ginin mangaza. Aikin a hannunsa yake, don duk maginan gari yaransa ne. Ya tuɓe takalmi ya taka, ya ɗebo ya shinshina. Ni ma na taka, na ji ta yi laushi kamar man shanu, ta nuna sarai. Ya share hannu a riga ya ce, "Da saura."

Na ce, "Baba, ai..."

Ya ce, "Ɗan Jimma, ƙafarka ta fi tawa ne?"

Na ce, "A'a, Baba. Da saura ƙwarai."

Haka aka yi ta yi. Gardi, wato dogarin bariki, ya zo da safe ya ce Kumandan yana tambaya yaushe za a fara, Baba Tanko ya taka ya ce da saura. Aka aika garin Waca aka kawo wasu magina. Suka zo suka gaishe shi, don a sana'armu ba ka hawa bangon wani sai da izininsa. Suka taka ƙasa, suka dubi fuskarsa, babbansu ya ce, "Kai, wannan ƙasa taurin kai gare ta." Ranar kuwa aka tafi da Baba Tanko aka rufe shi a bariki. Ya kwana da yawa a can, tsoho da ciwon gwiwa, ya fito yana ɗingishi, bai kuma rabu da ɗingishin ba har ya koma ga Allah. In na tuna wannan har yanzu raina yana ɓaci.

Abin da ya raba gardamar sama ce. Zafi ya tsananta, gajimare ya fara leƙowa daga gabas, ga mangaza ko tushe ba a sa ba. Ina kuma zaton tafinta ya sa baki, don daga baya ya taɓa ce mini shi ma a gidan da ya tashi akwai irin wannan ƙofa. Aka kira mu aka ce Kumandan ya yarda, kowa da maƙwabcinsa, kuma gardi zai zagaya da safe ya ga gidajen da ke da hayaƙi. Da yamman nan Baba Tanko ya taka ƙasa, sai ga shi ta nuna.

Ni aka haɗa da gardin in nuna masa gidaje. Dogo ne, baƙo daga yamma mai nisa, Hausarsa guntu-guntu, fuska ba annuri. Muka iso gidan Gwaggo Abu, hayaƙi yana tashi kamar kullum. Da a ƙofa ya tsaya da shi ke nan, amma sai ya kutsa kai ciki. Tana zaune a gaban murhu, ta miƙe wuya tana saurare. Ya sunkuya ya ɗaga murfin tukunya. Ina tsaye a bayansa na gani: ruwa ne zalla yana tafasa, ko ƙwayar gero babu. Ya dubi tukunya, ya dubi tsohuwa, ya mayar da murfin a hankali yadda ba zai yi ƙara ba. Ya ce, "Hayaƙi akwai." Muka fita. Ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Yanzu ku ji kuɗin da muka biya, ba na aljihu ba. Jinkirin nan ya cinye mana rani. Sai da muka gama mangaza tukuna aka bar mu mu taɓa namu. Sa'armu ɗaya, ƙasar tsohon bango nunanniya ce, jiƙa ta kawai za ka yi, don haka kowa ya kwashi ɓaraguzan gidansa a jaki ya kai tudu. Aka yi gayya, maza da yara har da tsofaffin mata masu ɗebo ruwa daga nesa. Baba Tanko yana zaune a inuwar zana da ƙafa a miƙe yana ba da umarni, ya ce a fara da ɗakunan waɗanda ba su da mai yi musu, na magina su ne na ƙarshe. Ruwa kuwa ya sauko da wuri shekarar nan, kuma da ƙarfi. Bangon gidana ya kai ƙirji, ba rufi, ba makuba. Ina tsaye ina kallo ya narke ya bi hanya. A bukkar kara muka yi damina ni da iyalina, ga yoyo, ga tari ya kama yara, ga matata tana tuna mini kullum cewa ta auri magini. Ba ni kaɗai ba, gidaje da yawa haka suka yi. Mu magina muna kiranta shekarar narkewa.

Tsamiya an sare ta, da idona na ga ta faɗi, tsofaffi suka juya baya. Rijiya an yi, amma sai da muka gaji da zuwa bariki tunatarwa, ruwanta kuma da ɗan gishiri-gishiri. Ba duk abin da muka nema muka samu ba, kada wani ya gaya muku haka. Sabuwar unguwa ta miƙe sambal, mota tana shiga, amma ni har gobe in na yi mafarkin gida, lungunan nan masu lanƙwasa nake gani, inda kafaɗarka ke gogar bango hagu da dama.

Katangar Malam Ilu da Gwaggo Abu ni na gina ta da hannuna, kafin ruwa. Ranar da za a rushe tsohuwar na riga masu rushewa zuwa, na zare guntun azarar nan mai maiƙo na ajiye. Da sabuwar ta kai ƙugu na dasa shi, na bar rami a kansa daidai faɗin na da. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya hana ni.

Da aka gama, wata yarinya ta riƙo hannun Gwaggo ta kawo ta, ina ƙarasa shafe ƙofar ɗaki. Ta saki yarinyar, ta dafa katanga, ta fara bi tana lalube. Ta wuce inda murhu zai zauna, ta ci gaba, har yatsunta suka faɗa ramin. Ta tsaya. Ta shafa itacen, ta sake shafawa, ta kai yatsun hanci.

Ta ce, "Ɗan Jimma, wannan fa mene ne?"

Na ce, "Ƙofar kaza ce, Gwaggo."

Ta ce, "To, madalla. Ka kyauta. Kazata dama ta tsufa, ba ta iya dogon zagaye."

Ni na yaɓe gidan matar nan shekara da shekaru, ko gashin kaza ban taɓa gani a tsakar gidanta ba. Na tattara kayana, na saɓa tsani. Ina kaiwa bakin ƙofa na ji Hajara ta yi ɗan tari a ɗaya gefen, sannan na ji gindin kwano yana gogar itace. Ban waiwaya ba.

Habu, kai da ka ce wasan laka muka yi, katangar da ka gama makon jiya na je na gani. Ta miƙe, ta yi kyau, har da fasassun kwalabe a kanta. Na bi ta da hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, ban sami inda kwano zai wuce ba.